SUNAN UBAN GIDA YANA BAKIN YARANSA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya bayinSa suna bukatar junansu, mai dukiya yana neman mai ƙarfi, mai ƙarfi kuma yana neman mai dukiya. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Maudu'in da aka ɗora mini in yi magana a kai shi ne yadda mai kamfani, ko mai makaranta, ko mai shago, zai kiyaye sunansa a matsayinsa na wanda ke ɗaukar mutane aiki. Na san a cikin wannan zama akwai masu makarantun Islamiyya da na boko, akwai masu gidajen burodi da masu ruwan leda, akwai masu maɗaba'a da masu kemis da masu motocin haya, akwai kuma waɗanda ke yi musu aiki. Saboda haka maganar ta shafi kowa, ina kuma roƙon a yi mini uzuri idan ta taɓa wani a inda yake masa ciwo, domin ni ma ba ta ƙyale ni ba.

SUNA BIYU

Kowace sana'a tana da suna biyu. Akwai sunanta a wurin masu saye, wanda ake kashe masa kuɗi, a rubuta allo, a buga kalanda, a sa sanarwa a rediyo. Akwai kuma sunanta a wurin masu yi mata aiki, wanda ba wanda ke kashe masa ko kwabo, alhali kuwa shi ne ke yanke hukunci a kan irin mutanen da za su zo neman aiki wurinka, da tsawon zaman da za su yi, da irin zuciyar da za su riƙe dukiyarka da ita.

Na taɓa zama a rumfar wani mai sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari, ina kallon yadda yake ba da bashin awo. Mutum biyu suka zo a jere, dukkansu malaman makaranta, dukkansu masu kamala. Na farko ya nemi tiya biyar ta masara zuwa ƙarshen wata, aka auna masa ba tare da dogon zance ba. Na biyu ya nemi uku, mai hatsi ya ba shi haƙuri. Da suka tafi na tambaye shi dalili, sai ya ce ai shi bai ga laifin malamin ba, mutumin kirki ne, amma makarantar da yake koyarwa ba ta da ƙarshen wata. Wannan magana ta zauna mini a rai. Ashe mai hatsi yana riƙe da wani littafi a kansa, inda ya jera masu ɗaukar aiki na garin nan, kowa da matsayinsa. Mai gidan haya a Samaru yana da irin wannan littafi. Uban da aka zo neman auren 'yarsa yana da shi, shi ya sa idan an ce yaron yana aiki, tambayar da ke biyo baya ita ce, a ina?

To, wannan littafin da ba a gani shi ne abin da za mu tattauna. Kuma ba sai mun je nesa neman misali ba, domin garuruwan nan biyu da muke zaune a cikinsu, Sabon Gari da Samaru, kowannensu wani babban mai ɗaukar aiki ne ya kafa shi.

DARASIN RELUWE

Sabon Garin Zariya 'yar layin dogo ce. A 1907 Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗa dogo daga Baro, ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Daga baya aka ja ƙaramin layi daga Zariya zuwa ƙasar kuza ta Jos, wanda aka gama a 1914 aka kuma rufe a 1957, sa'an nan aka ja wani ta Gusau zuwa Ƙauran Namoda, aka buɗe shi a 1929. Zariya ta zama mahaɗa, akawuna da makanikai da direbobi da leburori suka taru daga ko'ina a ƙasar nan, aka yanka musu wurin zama kusa da tasha. Mafarin Sabon Gari ke nan.

Amma da wane suna Reluwe ta fara? Da mummunan suna ta fara. Yawancin waɗanda suka riƙe diga suka haƙa wannan hanya ba su zo da son ransu ba. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka riƙa yanka wa kowace ƙasa adadin mutanen da za ta kawo, aka raba manoma da gonakinsu. Saboda haka aikin diga ya zama abin tsoro, mutane suna gudu daga ƙauyukansu idan sun ji an zo ɗiba, waɗanda aka kai kuma suna sulalewa da zarar sun ga hanya. Wannan shi ne matsayi mafi ƙasƙanci da mai ɗaukar aiki zai samu kansa, wato ya zama ba ya samun ma'aikaci sai da sandar hukuma.

Sa'an nan al'amari ya juya. Cikin shekarun da suka biyo baya, aikin Reluwe ya zama abin da iyaye ke yi wa 'ya'yansu fata. Me ya kawo haka? Albashi yana da rana sananniya. Akwai kwatas, akwai asibitin ma'aikata, akwai horo ga yaron da ya shiga bai iya komai ba har ya zama makaniki ko direban jirgi, akwai matakan ƙarin girma da kowa ya sani, akwai fansho a ƙarshe. Kada kuma mu ɗauka duk wannan kyauta ce daga Turawa. A watan Yuni na 1945 ma'aikatan ƙasar nan suka shiga yajin aiki na gama-gari, 'yan Reluwe a kan gaba, tare da shugabansu Michael Imoudu, saboda tsadar rayuwar da Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo ta cinye albashi. Jirage suka tsaya kusan wata ɗaya da rabi. Hukumar binciken da aka kafa ƙarƙashin Tudor Davies ta ba da rahoto a 1946, ta goyi bayan a ƙara alawus ɗin tsadar rayuwa. Ke nan wani sashe na kyakkyawan sunan da Reluwe ta yi, ma'aikatanta ne suka tilasta mata yin sa.

Sai zamani na uku, wanda da yawa daga cikinmu mun gani da idonmu. Tituna suka ƙwace kaya da fasinjoji, gyaɗar da ke cika taragu ta ja baya a shekarun 1970, aka ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, bayan tafiyarsu abubuwa suka ci gaba da lalacewa. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka shiga rage ma'aikata, albashi ya riƙa makara, 'yan fansho suka shafe watanni da shekaru suna jiran haƙƙinsu. Dattijon da a da mai kanti ke tashi tsaye ya tarbe shi, ya koma wanda ake kau da kai idan an hango shi, shi kuwa halinsa bai sauya ba, sunan uban gidansa ne ya faɗi, faɗuwar ta haɗa da shi.

DARASIN SAMARU

Mu hau mota mu nufi Samaru. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a nan, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta yau. A watan Oktoba na 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. A zamanin shugabanta na farko, Norman Alexander, da wanda ya gaje shi, Farfesa Ishaya Audu, wanda ya riƙe ta daga 1966 zuwa 1975, jami'ar ta jawo malamai daga Ingila da Indiya da Pakistan da Masar da sauran ƙasashen Afirka. Masani irin Farfesa Abdullahi Smith ya baro Ibadan ya zo ya zauna a nan. Abin da ya kawo su a fili yake: gida a cikin makaranta, makarantar 'ya'yan ma'aikata, asibiti, ɗakin karatu mai littattafai, da albashin da ke da daraja, domin a 1980 dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba.

Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986 aka karya darajar naira, sai albashin malamin jami'a ya narke a hannunsa. Zuwa 1993 dala ɗaya ta kai kimanin naira 22 a farashin gwamnati. Baƙin malamai suka tattara suka tafi, 'yan gida kuma, musamman likitoci, suka bi hanyar Saudiyya da Turai da Amurka. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta shiga yaji a 1988 da 1992, lokacin da Attahiru Jega ke shugabantarta, gwamnatin soja ta haramta ta har sau biyu, kafin a rattaba hannu kan yarjejeniyar watan Satumba na 1992. Shekara talatin bayan haka, a 2022, jami'o'in gwamnatin tarayya suka zauna a rufe wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka kuma riƙe albashin malamai. Duk wanda ke da shago ko gidan haya ko ɗan acaɓa a Samaru ya san abin da ya gani a waɗannan watanni.

Abin lura a nan shi ne, gine-ginen suna nan, sunan jami'ar a wurin ɗalibai masu neman shiga yana nan, amma matashin da ya fi kowa hazaƙa a ajinsa, wanda a da burinsa shi ne a riƙe shi ya koyar, ya koma yana lissafin hanyar fita. Suna biyun da na ambata suna iya rabuwa, ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa, mai abin kuma bai farga ba sai ranar da ya nemi gwani ya rasa.

LISSAFIN HASARA

Wani zai ce, malam, waɗannan ai hukumomin gwamnati ne, ni kuwa ɗan kasuwa ne, kuma a wannan zamani na rashin aiki, idan ɗaya ya tafi goma za su zo. Gaskiya ne za su zo. Amma su wa za su zo, kuma har yaushe za su zauna?

Bari in kawo misalin wani ɗan kasuwa da ba a san shi da tausayi ba. A 1913 kamfanin motoci na Henry Ford a Amurka yana bukatar ma'aikata kimanin 14,000, amma saboda yawan masu ajiye aiki sai da ya ɗauki mutum fiye da 50,000 a cikin shekarar kafin ya riƙe wannan adadi. Kowane sabo sai an koya masa, kafin ya iya ya ɓata kaya, da ya iya kuma ya tafi. A watan Janairu na 1914 Ford ya sanar da dala 5 a yini, wato kusan ninki biyu na abin da yake biya, ya kuma rage sa'o'in aiki daga 9 zuwa 8. Washegari dubban mutane suka yi cincirindo a ƙofar masana'antar, masu barin aiki kuma suka ragu ƙwarai. Lissafi ne ya kai shi ga haka, ya gano cewa arahar lebura tsada ce.

Mu auna da namu. Makarantar da malamin lissafi ke sauyawa sau uku a shekara, yaranta ba za su iya lissafi ba, iyaye kuma za su gani a sakamakon jarrabawa. Gidan burodin da mai kwaɓi ke tafiya duk bayan wata biyu, ɗanɗanon burodinsa ba zai tsaya wuri ɗaya ba. Direban da ya san ba za a biya shi cikakke ba, zai biya kansa da kansa daga kuɗin mai. Idan sunanka ya ɓaci, mutanen kirki masu zaɓi za su kauce maka, waɗanda za su rage su ne wanda ba shi da inda za shi, da wanda ya zo da niyyar ya ɗebi rabonsa kafin a kore shi. Sai ka ji uban gida yana kuka wai yaran yanzu ba su da amana, alhali shi ne ya tace masu amanar ya zubar.

INDA ABIN YA TAƁA MU

Yanzu zan faɗi abin da ya fi nauyi a bakina. Sau da yawa matasanmu sun fi son aiki a wurin wanda ba mu yarda da hajarsa ba, ko wanda ba addininmu ɗaya ba, fiye da wurin ɗan'uwan da suke sahu ɗaya da shi a masallaci. Idan ka tambaye su, amsar ɗaya ce: a can an san ranar biya. A wurinmu kuwa, sai a ɗauki malami ko malama a makarantar da ake karɓar kuɗin yara, ba a yanka albashi ba, a ce ai aikin Allah ne. Wata ya ƙare, a ce a yi haƙuri iyaye ba su biya ba. Idan ya yi magana, a ce ba shi da ikhlasi. A daidai wannan lokaci kuma ana aza sabon bene.

'Yan'uwa, sadaka mai ita ke ba da ita da son ransa. Ba ya halatta in yi sadaka da gumin wani, in kuma kira abin da sunan addini. Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Wanda ya karanta babin ijara a Risala ko a Muhtasar ya san cewa daga sharuɗɗan ingancin ɗaukar mutum aiki akwai sanin ladan da sanin aikin ko muddarsa tun kafin a fara. Ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a Madyana ta nuna an ambaci shekarun aiki ƙarara kafin ya kama kiwo. Ya kuma tabbata a ingantaccen hadisi cewa wanda ya karɓi aikin ɗan ƙwadago ya hana shi ladansa yana cikin waɗanda Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama. Mu da muke kiran mutane zuwa ga gyara, idan littafin mai hatsi ya sa mu a sahun waɗanda ba su da ƙarshen wata, da wane baki za mu yi wa kasuwa wa'azi?

ABUBUWA SHIDA DA KE GINA SUNA

Na farko, yarjejeniya a rubuce. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta na 1974 ne, ta wajabta a ba ma'aikaci takarda cikin wata uku da kama aiki, mai bayyana irin aikin, da albashi, da lokutan aiki, da hutu, da yadda za a rabu. Dokar ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikata, amma ma'auni ce mai kyau ga kowa. Takarda shafi ɗaya, da Hausa ko da ajami, da shaidu biyu, ta isa ta kashe rabin rigingimun da ake kawo wa limamai.

Na biyu, rana tsayayya. Ma'aikaci yana iya tsara rayuwarsa a kan kaɗan idan ya san ranar zuwansa, amma ba ya iya tsara ta a kan mai yawa da ba shi da rana. Ka ware kuɗin albashi kafin ka taɓa riba, kafin ka sayi fili, kafin ka biya kujerar Umra. Idan matsala ta auku, ka tara su kafin ranar, ka gaya musu gaskiya, ka sa wata rana, ka kuma cika.

Na uku, adadin da zai riƙe mutum. A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, wanda a lokacin ya kai kimanin dala 200. A 2011 ya zama 18,000, a 2019 ya zama 30,000, a 2024 aka mayar da shi 70,000, wanda a ranar da aka sa masa hannu bai kai dala 50 ba. Dokar 2019 ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, saboda haka da yawanmu hukuma ba za ta kama mu ba. Amma ka ɗauki alƙalami ka lissafa kuɗin motar ma'aikacinka daga Samaru zuwa Sabon Gari da dawowa na kwana ashirin da shida, musamman tun bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, ka cire daga abin da kake ba shi, ka dubi saura. Idan ba za ka iya ƙari ba, akwai abincin rana, akwai ɗaki kusa da wurin aiki, akwai sassauta kuɗin makaranta ga 'ya'yansa.

Na huɗu, mutunci. Akwai wanda ke biya daidai amma bakinsa ya kore masa mutane. Tsawa a gaban masu saye, zagin iyaye, aiken magidanci abin da ya kamata a aiki yaro, hana lokacin salla ko na jinyar iyali, duk waɗannan ana ba da labarinsu a majalisa da dare. Mace ma'aikaciya kuma amana ce ta musamman: doka ta ba ta hutun haihuwa na mako goma sha biyu, kuma wurin da aka san ana keta haddin mata, babu uban kirki da zai bar 'yarsa ta taka shi.

Na biyar, gaba. Iyayenmu 'yan kasuwa sun san wannan tun kafin zuwan kamfani. Yaro ya zauna da uban gida shekaru, a koya masa ciniki, a yi masa aure, a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa, ya zama shi ma ana lissafa shi cikin arzikin gidan. Maƙwabtanmu Ibo a nan Sabon Gari sun riƙe irin wannan tsari da ƙarfi, yaro ya yi shekarun da aka yanka a sallame shi da jari, kuma wanda ya saɓa alkawarin sallama ba ya ƙara samun yaro daga garinsu. Mu kuwa sai ka ga mutum ya yi shekara goma sha biyar a shago, ya yi furfura, ana ce masa yaro, ba jari ba ranar yaye. Ga masu manyan wurare kuma, dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba kashi 8, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta nemi kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi domin wanda ya ji rauni a bakin aiki.

Na shida, kyakkyawar rabuwa. Doka ta tsara sanarwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda bai kai biyar ba, wata ɗaya ga wanda ya kai biyar ko fiye. Ka biya shi abin da ya rage, ka ba shi takardar shaida idan ya cancanta, ka yi masa addu'a. Mutumin da ya bar wurinka ya fi wanda ke ciki 'yancin magana, kuma shi ake tambaya. A 2002 masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe ƙofa, ma'aikatanta suka shafe shekaru masu yawa suna bin haƙƙinsu na sallama. Yau idan an ambace ta, wannan ne ke fara zuwa bakin mutane kafin shekaru arba'in da biyar da ta yi tana ciyar da gidaje.

IDAN SUNA YA RIGA YA ƁACI

A da labarin uban gida yana tafiya ne daga majalisa zuwa majalisa. Yanzu waya tana hannun kowa, saƙo ɗaya a WhatsApp ko Facebook ya isa ya zagaye Zazzau kafin la'asar. Wasu idan haka ta same su sai su nemi wanda ya yi maganar su tsorata shi, ko su sa a yi ta yabonsu a rediyo. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mai hatsi ba ya gyara littafinsa don ya ji sanarwa.

Hanyar gyara ita ce hanyar tuba daga haƙƙin mutane. Ka zauna ka rubuta duk wanda kake riƙe da kuɗinsa, har wanda ya tafi shekaru biyar da suka wuce. Ka neme su, ka biya, ko ka yanka musu kaɗan-kaɗan a gaban shaidu. Ka sa wani dattijo amintacce wanda ma'aikata za su iya kai wa kuka ba tare da tsoron kora ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wurin aiki masu ɗakin su ne waɗanda ke wuni a ciki. Duk wanda zai tafi, ka tambaye shi dalili, ka saurara ba tare da gardama ba. Sa'an nan ka yi haƙuri, domin abin da ya ɓaci a shekara ba ya gyaruwa a mako. Alamar ka warke ita ce ranar da ma'aikacinka ya kawo maka ƙanensa ya ce a ɗauke shi.

KALMA GA MA'AIKATA

Ba zan sauka ba sai na juyo gare ku. Ku ma kuna da suna, masu ɗaukar aiki kuma suna da nasu littafin. Wanda ya karɓi lada ya wajaba ya cika aiki: zuwa a kan lokaci, kiyaye dukiya, rufe sirrin wurin aiki. Jinkirin albashi bai halatta maka ka sa hannu a aljihun teburin shago ba, akwai hanyar neman haƙƙi ta gaskiya, daga magana da uban gida, zuwa dattawa, zuwa ofishin ƙwadago da kotu. Idan an tambaye ka labarin inda ka yi aiki, ka faɗi gaskiya gwargwadon bukatar mai tambaya, kada ka ƙara gishiri don huce haushi. Wanda kuma ya kyautata maka, ka faɗa, domin ɓoye alherin mai alheri shi ma zalunci ne.

RUFEWA

Ina ba kowane mai ɗaukar aiki da ke nan shawara guda. A cikin makon nan, ka tura wanda ba a san alaƙarku ba ya je wurin mai hatsi, ko mai gidan haya na unguwarku, ya ce yana aiki a wurinka, yana neman bashi zuwa ƙarshen wata. Amsar da zai dawo da ita, ita ce sunanka. Idan ta yi daɗi ka gode wa Allah ka ƙara, idan ba ta yi ba, ƙofar gyara tana buɗe tun kana da rai, kafin ranar da babu naira babu kwabo, sai dai a ɗebi ladan ayyuka a biya masu bin bashi.

Abin da na faɗa daidai dacewa ce daga Allah, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu da sana'o'inmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu, Ya sa mu rabu da kowa lafiya duniya da lahira.